Goɗiyar Malam Irmiya da Wadda Ba a Faɗin Sunanta

Shekara goma sha shida na yi a gidan ubana, Malam Irmiya Tagwai, a Tudun Wada, ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinsa ba. Babur ɗinsa kuwa, kafin a sha kokon safe ya kira sunansa sau ashirin.

Ba ƙina yake yi ba, haka kowa ya yi ta gaya mini har na gaji da ji. Wai kunya ce. Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Keziya, sai abin ya zama biyu. Mutanen gida Uwani suke ce mini don su kauce wa sunan tsohuwa. Mahaifiyata Rut ma ta ɗan taɓa kunyar 'yar fari, amma da ta ga ba mai ɗebo mata ruwa sai ta ajiye kunyar, ta ci gaba da ƙwala mini kira kamar kowa. Baba kam ko Uwanin bai yarda ya faɗa ba. In yana nemana sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa waccan ta zo." Ina tsaye a gabansa fa! Mu Kiristoci ne, ba ma fashin sujada ranar Lahadi, amma wannan al'ada ba ruwanta da coci ko masallaci. Kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa irin mutanen da ce, har ta mutu ba ta ci abinci a gaban ɗanta na fari ba.

Baba malamin lamba ne a ma'aikatar lafiya ta En'e, wato hukumar gargajiya. Aikinsa ya bi unguwanni da ƙauyuka yana yi wa yara lambar agana a damtse. Dogo ne siriri, kullum cikin rigar kaki da gajeren wando da doguwar safa, ga wani tabarau mai igiya na masu babur a goshi. Da sassafe zai ɗaure akwatin katako na kayan lamba a bayan babur ya fita, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya, yawanci ransa a ɓace. Dalili kuwa, ƙarar babur ɗin nan tana riga shi isa gari. Matan ƙauye da sun jiyo ta daga nesa sai su kwashe 'ya'yansu su zuba a rumbu. Zai yi tafiyar mil goma sha biyar cikin taɓo, ya tarar da gari guda ba yaro ko ɗaya, sai tsofaffi suna yi masa barka da zuwa. Daga baya ya koyi dabara: in ya kusa gari sai ya kashe inji, ya turo babur da hannu, gumi na zuba. Kun ji mutumin da ya mallaki babur don ya huta da tafiyar ƙasa.

A shekarar 1953 ya samo shi wajen wani Baturen reluwe da zai koma ƙasarsu. Baƙi ne, tsoho, mai taurin kai. Ya sa masa suna Goɗiya, wai kakansa ya taɓa mallakar wata goɗiya, amma wannan ta fi waccan don ba ta cin harawa. Tun daga ranar muka daina cewa "shi", muka koma cewa "ita". A zaure take kwana bisa tabarma, a lulluɓe da bargo. Kowace safiya sai an yi daga da ita. Zai buɗe mata mai, ya shafa tanki, ya taka ƙarfen tayarwa da suke ce wa kiki. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake takawa.

"Haba Goɗiya! Me na yi miki? Jiya ba na wanke ki ba?"

Haka zai yi ta lallashi, ya koma faɗa, ya dawo lallashi. Ni ina tsakar gida ina shara ina ƙirgawa. Akwai safiyar da na ƙirga "Goɗiya" talatin da ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin. Baturen ya haɗa masa da littafin gyara, na Turanci, Turancin Baba kuwa iyakarsa cika takardun ofis. Saboda haka duk ranar Asabar sai ya baje ƙarafa a gindin mangwaron gidanmu ya ce, "A ce wa waccan ta kawo littafi." In zauna taku uku daga inda yake, in karanta in fassara, shi kuma ya riƙa amsa wa babur: "To Goɗiya, kin ji abin da aka ce." Shekara uku muna haka. Na haddace littafin nan fiye da yadda na haddace Zabura. Na san inda fulogi yake, na san abin da ke sa kabireta ta cika, amma ko da yatsa ban taɓa taɓa ta ba.

Hawa kuwa ba a ma magana. Ƙanena Kato ya hau, ƙanwata Victoria ta hau har ta gaji. Malam Gwadabe tela, maƙwabcinmu kuma aminin Baba, shi kam kamar da shi aka saya. Ranar da naƙuda ta tsananta wa matarsa Hajo, Goɗiya ce ta kai ta asibiti. Har ragon sunan jaririn sai da ya hau ta daga kasuwa. Na taɓa yi wa Mama ƙorafi, na ce rago ma ya fi ni daraja a gidan nan. Ta ce, "Rufe mini baki. Kina so a ga mutum ya goyo 'yarsa ta fari a tsakiyar Tudun Wada?" Na ce eh, haka nake so. Ta jefe ni da mafici.

Da yamma, in ya ci abinci, yakan zauna a benci a ƙofar shagon Malam Gwadabe, inda ma'aikata ke taruwa hira. Hanyar famfo ta nan ta bi, saboda haka nakan ji shi in na wuce da tulu.

"Ita ai ba ta da ta biyu a garin nan," zai ce. "Ba ta san gajiya ba. Duk wanda ya taso tare da ita, sai dai ya hango bayanta."

Su kuwa su yi ta gyaɗa kai. Ni in wuce ina cizon leɓe. Tsohon ƙarfen da sai an roƙe shi yake tashi, shi ne ba shi da na biyu! Ni da nake zuwa ta ɗaya a aji tun daga aji uku, in na kawo takardar sakamako sai dai in ajiye a kan tebur in fita, washegari in tarar da ita a inda na bar ta. Na yi kishi da babur, ba na jin kunyar faɗa. Akwai ranar da na tofa wa tayarta yawu.

Cikin watan Agusta na 1956 takarda ta zo. Na ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya a Kaduna, mu goma sha biyu daga lardin nan. Takardar ta ce ranar Litinin kowace yarinya ta je ofishin lafiya da ke can bayan Sabon Gari tare da ubanta ko waliyyinta, ya faɗi sunanta a gaban akawu, ya sa hannu cewa ya yarda. Lori zai tashi da mu ƙarfe tara da rabi. Wadda ba ta zo ba, za a ba mai biye a jeri gurbinta, ba kuma za a sake kira ba. Duk abin da nake so a duniya yana cikin lorin nan.

Baba ya karanta takardar sau biyu, ya dubi bango ya ce, "Nagoda zai kai ta." Baba Nagoda ƙanensa ne, mai aikin jirgin ƙasa, kuma shi ne ya saba tsaya mini a irin waɗannan wurare. Aka kai akwatina ofis tun ranar Asabar. Sai dai jirgin aiki ya tafi da Baba Nagoda Gusau, Lahadi ta wuce bai dawo ba. Safiyar Litinin kuma sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai takwas da rabi.

Baba yana zaure yana shafa tanki, kamar bai san abin da ake ciki ba. Ni ina bakin ƙofa cikin sabuwar riga da sabon ɗankwali, na cika na yi fam. Mama ce ta fito ta tsaya a kansa.

"Malam, Nagoda bai zo ba."

"Ko Gwadabe zai raka ta?"

"Gwadabe ne ya haife ta? Takarda ta ce uba. Kuma a ƙasa ba za ku kai ba, ka ga hanya. Kunya dai ba za ta kai yarinyar nan Kaduna ba, sai babur."

Ya dubi babur. Sannan ya ɗauko akwatin lamba, ya matsar da shi gaba, ya ɗaure shi daidai bayan mazauninsa, ya bar mini ɗan wuri a can ƙarshen kariya. Wato ko a kan babur sai da ya gina katanga tsakaninmu. Ya ce wa Goɗiya, "A hau." Na hau a karkace, na rungumi akwati. Ranar, don ta ba ni haushi, taku ɗaya ta tashi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Iska na dukan fuskata, gidajen Tudun Wada na gudu baya, mata na leƙowa. Daɗin bai kai minti biyar ba. Muna sauka daga gadar Kubanni muka tarar ruwa ya kwanta a hanya. Maimakon ya rage gudu ya bi gefe, Baba ya ƙara wuta ya ratsa ta tsakiya. Ruwa ya tashi har gwiwa. Goɗiya ta yi tari biyu ta mutu.

Ya tura ta kan tudu ya fara taka kiki. Ya taka, ya taka. Ya ƙara buɗe mai, ya sake takawa. Ni tun a tarin farko na san ciwon, amma yaya zan faɗa? Ban taɓa yi wa Baba gyara ba, kai, ban taɓa fara yi masa magana ba sai in amsa ce. Sai na juya na fuskanci babur.

"Goɗiya," na ce, "ki gaya wa maigidanki ba matsalar mai ba ce. Ruwa ne ya jiƙa fulogi. Shafi na ashirin da uku."

Baba ya share gumi, ya dubi tanki. "Goɗiya, ki gaya wa masu karatu, karatu daban, aiki daban."

Ya ci gaba da takawa, har warin fetur ya cika wurin. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, kowa da maganinsa. Wani mai keke ya ce a tura ta a gangare. Wani mai sayar da rake ya ce wannan gada dama ba a ratsa ta da safe ba tare da addu'a ba. Aka tura ta gangare, ƙarti huɗu, ta ƙi. Aka sake turo ta tudu. Wani ma'aikaci da ke wucewa ya duba agogonsa ya ce tara da minti goma. Na ji hawaye na zuwa, amma haushi ya riga su. Shekara uku ina karanta wa mutumin nan littafi, ashe bango nake karanta wa. Yanzu kuma gurbina zai tafi hannun wata, saboda ya fi son ya saurari mai rake da ya saurari 'yarsa.

Ban san lokacin da na fizge ɗankwalina ba. Na durƙusa cikin taɓo da sabuwar rigata, na buɗe jakar ƙarafa, na zaro sufana. Mutane suka matso suna kallo. Na cire hular fulogi, ruwa ya zubo daga cikinta. Na kwance fulogin, inji ya ƙone mini yatsa ban kula ba. Na goge shi tas da ɗankwalin, na cusa gefen ƙyallen cikin hular na tsane ta. Na rufe mai.

"Goɗiya," na ce, "a taka sau biyar, man da aka cika miki ya fita."

Na ɗauka zai daka mini tsawa. Sai na ji ƙarar kiki: ɗaya, biyu, har biyar. Na mayar da fulogi na ɗaure, na buɗe mai. Ya taka sau ɗaya, ta yi tari. Ya sake, ta kama da ruri. Mutane suka ɗauki sowa, mai keke har da tafi.

Mai rake ya ce, "Kai! Malam, 'yarka ce wannan?"

Na tsaya kai ba ɗankwali, hannu baƙi ƙirin, ina jiran amsa. Baba ya jawo tabarau ya rufe idanunsa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi ƙunar yatsa zafi. Sai dai ya kwance akwatin lamba, ya mayar da shi gaba bisa tanki, ya ce wa babur, "A riƙe da kyau, gudu za a yi." Na kama ɗamarar rigarsa ta baya. Ban taɓa sanin ramarsa ta kai haka ba.

Mun isa lori na ruri, 'yan mata goma sha ɗaya suna ciki. A baranda akawu na zaune da takardar sunaye, wani Malam Kailani, wanda nakan gani a bencin shagon Malam Gwadabe. Kusa da shi wata Baturiya ce a tsaye, da agogo maƙale a ƙirji, tana dubansa tana dubanmu. Can gefe kuma wata yarinya da ubanta suna jira, ita ce mai biye a jeri. Har ta ɗora hannu a kan akwatinta.

"Malam Irmiya, saura ƙiris," in ji akawu. "Sunan yarinya?"

Baba ya nuna ni da haɓa. "Ita ce."

"Ita wa? Ina da ita goma sha ɗaya a cikin lori. Doka ta ce uba ya faɗa da bakinsa, ga mai dokar nan a tsaye."

Baba ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya dubi bangon ofis, amma wannan bangon bai san shi ba. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Uwani."

Malam Kailani ya bi takarda da yatsa. "Babu Uwani a nan."

Direba ya danna ham. Baturiya ta ce wani abu da Turanci, na ji, minti ɗaya ta ce. Uban waccan yarinya ya matso taku biyu. Ni kuwa na kafa wa Baba ido, abin da ban taɓa yi ba. A raina na ce, in ka bari lorin nan ya tafi saboda kalma ɗaya, ba zan yafe ba. Na ga leɓensa ya motsa.

"Ban ji ba, Malam, ƙarar mota," in ji akawu.

To Baba mutum ne da ya shekara uku yana ɗaga murya cikin ƙarar babur. Da ya buɗe baki, har masu gadin bakin ƙofa sai da suka waiwayo.

"Keziya! Keziya Irmiya Tagwai! 'Yata ce, ta fari!"

Wannan ne na farko, kuma shi ne na ƙarshe. Ya ƙara shekara ashirin da ɗaya a duniya bai maimaita ba. Ya karɓi alƙalami ya sa hannu, ya juya ya nufi babur ɗinsa kamar wanda aka kora.

Malam Kailani ya miƙo mini takardar shiga yana murmushi. "Yau dai ga mu ga ita. Shekara nawa yana cika mana kunne a shagon Gwadabe. Ba ta da ta biyu, ba ta san gajiya ba, sai dai a hango bayanta. Takardun sakamakonki ma sai da ya sa muka haddace."

Na ce, "Ai babur yake nufi, Malam."

"Wane babur? In ya ce Goɗiya, babur ne. In ya ce ita, ke ce. Duk Tudun Wada wa bai san wannan ba?"

Ni ce ban sani ba. Ashe takardar da nake ajiyewa a tebur, fita ake yi da ita da yamma a dawo da ita inda take. Na hau lori ina kuka, kuma kada wani ya ce na daɗi ne zalla. Haushi ne ya fi yawa. Shekara uku ina kishi da kaina, ina tofa wa taya yawu, mutumin nan yana kallo, ya gwammace tela da akawu su sani da ni in sani. Har yau in na tuna sai na ji kamar in kama shi in girgiza.

Lori ya fara tafiya. Na leƙa ta baya. Baba ya ba mu baya, yana ta taka kiki, Goɗiya ta ƙi tashi. Ɗankwalina mai baƙin mai yana leƙowa daga aljihunsa, ban ma san ya tsince shi ba. Na san ba fulogi ba ne, ni na busar da shi da hannuna. Mutumin da bai taɓa mance buɗe mai ba ko sau ɗaya, ya rufe da muka tsaya, yanzu ga shi yana ta takawa bai buɗe ba. Na kama ƙarfen lori, na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Goɗiya! Ki gaya masa ya buɗe mai!"

Bai waiwayo ba. Ya sunkuya ya laluba ƙarƙashin tanki, sannan ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya bar shi a ɗage har muka sha kwana.